Takwarori

Ƙarfe uku na rana a Tromso, duhu ya riga ya zauna
kamar baƙon da ya san inda ake ɓoye mabuɗi.
Torunn ta cire safar hannu, ta hura yatsunta,
ta buɗe kwamfuta kan abin da jirgin bincike ya kawo:
amsa-kuwwar ƙasan teku ta wata biyu,
da jadawalin kifi mai layi dubu tamanin.

Rumbu biyu ta jawo cikin aikinta.
Ɗaya na sauti, wata Mirela ta gina shi a Cluj.
Ɗaya na jadawali, aikin Anselmo ne can Recife.
Ba su san juna ba,
amma kowa ya raɗa wa umarninsa suna tace.
Kuma irin umarnin nan ne mai duba kafin ya taɓa:
ka miƙa masa lamba, ya yi mata irin ta lamba,
ka miƙa jeri, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya.
Suna guda, hannu goma.

Ta rubuta: tace.
Na'ura ta ja birki.
Biyu ne suka amsa, in ji ta. Wanne kike kira?

Eilif na gefe yana shafa ƙwan kifi a burodi.
Ya ce, ki gode da ta tambaya.
Bara tawa shiru ta yi,
wanda ya shigo daga baya ya danne na gaba, ruf,
na yi mako uku ina ƙirga kifin da babu shi a ruwa.

Da fari ta kira kowa da sunan gidansu,
tace na gidan sauti, tace na gidan jadawali.
Ya yi. Sai dai layi ya yi tsawo,
kuma wuri arba'in da ɗaya ke jiran gyara.

Sai ta yi wa ɗaya laƙabi: rairaye.
Ya karɓa, ba musu.
Eilif ya leƙo ta kafaɗarta, wane ne kuma wannan?
In kin tafi hutu wa zai gane shi?
Ba ya cikin littafin kowa.
Ta goge.

Zuciya ta raya mata ta haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya,
ta koya wa na Mirela aikin na Anselmo.
Amma ko ɗaya ba nata ba ne.
Kayan aro ba ya rufe katara,
gobe mai shi ya sauya ɗinki, a bar ta a tsaye.

Don haka ta rubuta musu wasiƙa, su biyun:
a gina ƙaramin ɗaki wanda ba komai ciki sai sunan,
kowa ya kawo hannunsa ya rataya a can.
Kafin kofinta ya huce Mirela ta amsa,
na yarda, in ya yarda.
Anselmo kuwa shekara biyu rabon da a ji ɗuriyarsa.
Wataƙila haihuwa aka yi masa.
Wataƙila ya gaji ne kawai.

Ta koma gyara da hannu, wuri bayan wuri.
A na ashirin da tara ta tsaya.
Sunan kakarta ta ci.
A gidan katakon nan na bakin ruwa,
in kakanta ya ƙwala kira daga rumfar kwalekwale, Torunn,
ba a taɓa yin kuskure ba:
akwai wadda ake kira da ƙarshen murya a sama,
akwai wadda ake kira a hankali, kamar ana ajiye kwano.

Na'ura ba ta da wannan kunnen.
A waje motar kwashe ƙanƙara ta wuce da fitilarta.
Ta ɗora yatsu.
Saura goma sha biyu.