Na Goma Sha Ɗaya

Inna ta ce, "Awon me?
Goma na haifa a ɗakin nan, a durƙushe.
Ran haihuwar Bappayo ma sai da na gama surfe.
Hanya ce da na sani, Hansatu,
ko ido rufe na bi ta."

Na ja bakina, ba a koya wa uwa ɗaurin goyo.
Amma na ga ƙafarta ta ƙi shiga silifas,
na danna da yatsa, ramin ya zauna.
Tafin hannunta fari fat, kamar ta taɓa gari.
Daga rijiya zuwa madafa
sai ta tsaya sau biyu tana haki.

Daren Laraba, tsakiyar damina,
naƙuda ta zo, ta kwana, ta wuni.
Goggo Dudu ta shafa cikin, ta sake shafawa,
ta janye hannu a hankali.
"Kan bai sauko ba. A gicciye yake.
Wannan ya fi ƙarfina, ku nemo mota."

Daga garinmu zuwa Kumo ba wani nisa,
sai dai rafi ya kawo.
Muka jira shi ya sauka a bayan akori-kura,
kanta a cinyata,
ina ƙirga numfashinta
kamar yadda ta taɓa ƙirga nawa.

Wuƙa ce ta fito da shi.
Sannan jini ya ɓalle, ya ƙi tsayawa.

Malamar asibitin, Rifkatu, 'yar Kaltungo,
ta fito da takarda, ta dube ni.
"Me kike sana'a?"
Na ce ɗinki.
Ta ce, "To kin san robar siket.
Sabuwa, in kin ja kin saki, sai ta koma.
Wadda aka ja sau goma sha ɗaya fa?
Haka mahaifa take. Ta gaji, ta kasa tsukewa.
Leda uku muke nema, yanzu."

Na Baba bai zo ɗaya da nata ba.
Ya zauna a ƙasa, hula a gwiwa,
yana juya ta kamar zai sami amsa a ciki.
Bappayo ya miƙa hannu, yaron da aka haifa bayan surfe.
Direbanmu ya ba da ta biyu.
Ta uku, mai shayin bakin ƙofa ne,
ya kife kofuna, ya bi mu ciki.
Har yau ban san sunansa ba.

Jaririn ko kilo biyu bai cika ba.
Suka sa shi a kwalba, da siririn tiyo a hanci,
haƙarƙarinsa na sama da ƙasa
kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka.
Na leƙa ta gilashi na ce masa,
ɗiyata ta biyu ta girme ka, kawu,
ka daure.

Ran Asabar Inna ta buɗe ido.
Ba ta tambayi yaron ba tukuna,
ta ce, "An ba tumakin dusa?"
Muka yi dariya har da hawaye.
Can da dare, da ɗakin ya yi tsit,
ta kamo yatsana.
"Hanyar tana nan yadda na san ta.
Ƙafar ce ba ta da ba."

Da safe na hango Baba a baranda,
Rifkatu na magana, shi yana gyaɗa kai.
Ban matsa kusa ba.

A jakata, ƙarƙashin tef da almakashi,
akwai kati mai ruwan ɗorawa.
Wata huɗu ke nan, na uku.
Inna ta gani lokacin da nake neman canji.
Ta daɗe tana kallonsa.
Ta ce, "Wace rana suke yi?"
Na ce Talata.
Ta ce, "Kar ki makara."