Lambar Waya a Ƙugun Wando

A hamadar Sonora
Ofelia na ajiye jarkokin ruwa
a gindin murtsunguwa masu hannu sama
kamar waɗanda aka kama.

Ran Talata ta tsinci takalmi ƙafa ɗaya,
an naɗe shi da guntun darduma
don kada sawu ya tona asiri.
Mai shi na kwance gaba kaɗan,
fuskarsa na duban fitilun gari.

A ƙugun wandonsa, da jan zare,
wata ta ɗinka lambar waya,
ta bi ɗinkin sau biyu.

Jirgin 'yan sintiri ya wuce, ya dawo.
Ofelia ta danna lambar.
Can Huehuetenango aka ɗauka tun ƙarar farko:
"Baltazar? Ka isa?"