Sawun Jini a Viroqua

A shagon Merle, bayan gidan mai na Viroqua,
an rataye bakunan kibiya a leda kamar 'yan kunne.
Wannan mai reza biyu ne, in ji shi, tsohon hannu, ba ya ba da kunya.
Wancan a rufe yake tashi, sai ya taɓa fata ya buɗe fiffike,
ya bar rauni kamar ƙofar zaure.
Babana a dajin Kamuku bai san wannan ciniki ba:
maƙeri ɗaya, kyauro ɗaya, dafin kwankwani a ƙaho,
sauran kuwa haƙuri ne da sanin halin barewa.

Nan ba a shafa dafi. Kaifi kaɗai aka bar mana.
Na ɗauki mai fiffiken, uku dala arba'in da biyar,
don ya fi cika ido,
ni kuma ina son a ce na iya zaɓa.

Asabar, farkon Nuwamba. Sanyi na cizo ta cikin safa biyu.
Ina bisa itace, ɗaure da ɗamara,
gabana karan masara da injin girbi ya bari.
Ta fito tana shinshinar iska, numfashinta fari.
Taku ashirin da biyar.
Na yi bismilla, na ja tsirkiya har gefen baki,
na saki, ita kuma ta ƙara taku ɗaya.
Ɗaya tak.
Tun daga ƙarar na san ban samu huhu ba.

Jinin huhu ja ne, mai kumfa.
Wanda na tarar a gashin kibiyata baƙi-baƙi ne, mai kauri.
Kada ka bi ta, in ji Merle a waya, ba ta awa shida ta kwanta.
In ka tashe ta yanzu, kun rabu ke nan.
Na zauna a mota ina ƙirga mintuna da carbi.
A awa ta huɗu aka fara yayyafi.

Muka shiga da tocila, shi da gwiwarsa mai ciwo,
muna ɗaura ƙyalle a reshe duk inda muka ga ɗigo.
Amma a kakar nan kowane ganye ja ne,
kowane ganye na yi mini shaidar zur.
Ɗigo. Taku goma. Ɗigo.
Ga inda ta kwanta, ciyawa ta lanƙwashe, ba ta nan.
A bakin kogin Kickapoo ruwa ya karɓe maganar,
bai kuma mayar da ita ba.

Kwana biyu ina bin hankaki da ido.
Da dare diloli na kuka a hayin kogi,
ina jin su ta cikin bargo, ina fassara.
Uwani ta kwashe kayan miya daga firiza tun ranar Juma'a,
ta bar wa nama wuri.
Ba ta ce komai ba. Wurin ne ke magana.

Na koma shago da sauran biyun, ina neman mai laifi.
Ƙila fiffiken bai buɗe ba, na ce.
Merle ya duba su, ya dube ni.
Tawa ta ɓace shekara talatin da suka wuce, ya ce,
da mai reza biyu.
Har yau in na ratsa kwarin nan sai na rage gudu.

Baba kan ce kibiya ba ta da ido, na maharbi take ara.
Na ninke takardar izinina na sa a aljihu,
bana ta cika, ko da tukunya ba ta shaida ba.
Da yamma ina harbin damin ciyawa a bayan gida
har kafaɗa ta ƙi ɗaguwa.
In na idar da sallah, ina roƙon abu ɗaya:
Allah Ya sa ba ta daɗe ba.