Abin da Aka Yanke

A shagona na Tudun Wada, daura da mai balangu,
inda nake tura fim a waya, kashi uku naira ɗari,
daren Lahadi ba a ciniki.
Gardama ake yi.

Shirin gidan yarin nan ya haukata layinmu.
Lawandi mai gyaran babur ya rantse
Gandiroba Jatau ba mugu ba ne:
"Albashi ne bai fita ba, ku dubi takalminsa."
Balaraba ta dire robar awara:
"Wanda ya shure gabzar tsoho da ƙafa,
ko a sahun gaba ya mutu, ni ban yafe ba."
Wani ɗalibin Kongo, biro a bayan kunne,
yana ta gyara wa alƙalin shirin hukunci,
babu mai sauraronsa.

Ni Sarkin Ɗaki nake so,
mai auna wurin kwana da tafin hannu,
mai sayar da gindin taga a kan rabin sabulu.
Kada ku tambaye ni dalili.
Wataƙila don tarinsa irin na kawuna ne.

Ranar nan sai ga ɗan gidan Hansatu,
wanda ke riƙe musu fitila wurin ɗauka,
da memori a ƙunshe cikin takardar magi:
abin da aka yanke, ba a haska ba.
Muka tura ƙofa rabi,
aka kashe fanka don a ji.

Na farko: Jatau a bayan kicin, hawaye shaɓe-shaɓe.
Lawandi ya daki benci: "Ban faɗa muku ba?"
Balaraba ta ce albasa ce.
Na biyu: faɗa da cokalin da aka wasa a dutse,
jinin ya fi kama da zoɓo,
har mai balangu ya leƙo jin dariyarmu.

Na uku babu komai.
Barau, wanda ko tari ba a ba shi a shirin,
ya wanke rigarsa tilo,
ya kwana a kanta don ta goge,
ya saka, ya zauna bakin ƙofa ranar ziyara.
Ana kiran suna.
Ana kiran suna.
Minti huɗu cur kyamara ba ta gusa ba.
Ƙuda ya sauka a gwiwarsa, ya gaji, ya tashi.
Sai ya tuɓe rigar ya ninke.
Iyakarsa ke nan.

"Gara da suka yanke," in ji ɗalibi,
"wa zai ƙona data yana kallon mutum zaune?"
Lawandi ya yi hamma. Ni ma na kai hannu zan wuce.

Malam Tanimu mai ɗinkin hula,
shekara biyu yana kawo mini caji,
bai taɓa sa mana baki ba,
ya ce, "Mayar baya."
Na mayar.
"Ƙara."
Na ƙara.
Ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin.
"Yaron ya iya zama," in ji shi,
"amma ba haka ake ninkewa ba.
Bai-bai ake juya ta, wuyan a ciki,
saboda wani satin ma akwai ziyara,
kuma sabulun ba zai kai ba."

Janareton maƙwabci kaɗai ke magana.
Duk cikinmu babu wanda bai san hanyar Ƙofar Doka ba,
mukan wuce katangar a guje, ido na kan titi.
Ba wanda ya tambaye shi a ina ya koya.
Balaraba ta ƙulle awara biyar a leda,
ta rasa yadda za ta miƙa,
har ya karɓi wayarsa ya fita.

Washegari da hantsi ya dawo.
"Tura mini na ukun. Shi kaɗai."
Na tura, na ce ya bar kuɗin.
Bai yi musu ba.
Sai da dare, ina kwashe wayoyin caji,
na tarar da naira ɗari a ƙasan soket,
an ninke ta ƙanƙanuwa,
bai-bai.