Arba'in da Uku

Daren Alhamis aka ba ni,
bayan injin casa ya yi shiru,
ƙaiƙayi ya kwanta a farfajiya.
Manaja ya ce, kafin Asabar
yana son ganin kowace na'ura daga kujerarsa.

Na fara da ƙidaya, kamar mai jangali:
ta akanta, ta sito, ta bakin ƙofa,
biyu a ɗakin awon danshi,
wata a ƙarƙashin tebur, ba mai ita.
Takarda ta ce talatin da takwas,
ƙafata ta ce arba'in da uku.
Ƙafata na gaskata.

Masunci ba ya faɗawa Matan Fada
sai ya taɓa ruwan da yatsa.
Uku na ware don gwaji.
Ɗaya ta karɓi manhajar, ɗaya ta yi gardama,
ta ukun ta nemi kalmar sirri
da ta tafi Jega a aljihun Dantani
tun ranar da ya ajiye aiki.
Na kira shi, sha ɗaya ta gota.
Ya ce sunan akuyarsa ce, ya kashe waya.

Sai na saki sauran.
Uwar garke tana kira, suna amsawa,
ɗigo kore, ɗigo kore,
kamar fitilun kwalekwale a gulbi.
Janareta ya yi tari sau biyu,
ni ma na riƙe numfashi sau biyu.
Shayina ya huce, sauron Argungu bai huce ba.

Da assalatu, arba'in da biyu.
Ɗaya ja wur: ta sikeli.

Na iske Baba Sahabi a kan buhun shanshera,
waya a hannunsa, ya naɗe ta tsaf
kamar igiyar guga.
Ya ce, "Shekara sha tara ina awo nan,
ko tiya ba ta ɓace man ba.
Yau wa ka son sa man ido?"

Na ce, Baba, zazzaɓin na'ura take dubawa,
cikar cikinta, tsufan rigakafinta.
Ba ta san nauyin buhu ba.
Ya ce, "Yau ba ta sani ba."

Ban sami amsa ba.
Lasisi bai zo da ita ba,
littafin jagora ma bai taɓo wurin ba.

Na juya masa allon, na nuna duk abin da ake gani,
layi layi, har inda gani ya tsaya.
Ya daɗe yana kallo.
Motar farko ta yi ƙaho a waje.
Ya miƙo wayar, bai sake ta ba:
"Ni zan soka da hannuna."

Arba'in da uku.
Na rubuta a rahoto: an kammala.
Na goge.
Na rubuta: an fara.