Lissafin Ƙyallaye

An turo ni Kastoriya da takarda mai gurbi arba'in,
in auno abin da fata ta tsinana wa garin:
shago nawa, keken ɗinki nawa,
kashi nawa na burodin jama'a daga gashin dabba ya fito.

Mota ta sauke ni a bakin tafki, sanyi na yankan kunne,
kwasakwasa biyu na zagaye ruwa kamar masu karɓar haraji.
A ofishin 'yan kasuwa aka ba ni kofi da alƙaluma.
Layi ya hau, ya hau, ya yi tozo,
sannan ya gangaro bai waiwaya ba.
Na kwafe, na yi godiya,
na fito kamar yadda na shiga.

Sai Lazaros, mai shekara saba'in da takwas,
a ɗakinsa na ƙarƙashin bene mai warin kafur.
Ya ture takardata da bayan almakashi.
"Miƙo hannu," in ji shi.
Ya zuba min ƙyallaye: ƙafa, wuya, gefen ciki,
sharar maɗinkan manyan birane
da ake auno musu a buhu.
"Su sun ci tsoka, mu romo aka bar mana,
amma da yayyafi kogi kan cika.
Ki jera su jikin taga, launi ya bi launi,
kwanciyar gashi ta bi kwanciyar gashi,
har ido ya rantse dabba ɗaya ce."

Gurbi na sha tara: ma'aikata nawa gare ka?
Ya fara lanƙwasa yatsu.
Wannan na Jamus. Wannan na tuƙa tasi.
Wannan da wannan suna bayan coci, ƙasa ta rufe musu ido.
Da ya kai ƙaramin yatsa sai ya nuna ƙirjinsa.
Na rubuta: ɗaya.

Ya ce akwai lokacin da baƙi daga arewa
ke sayen kwat kamar masu sayen gyaɗa, ba tayi,
har unguwa ba ta barci don kukan kekuna.
Yanzu jikansa Stergios ko taɓa fatar ba ya yi,
wai tafin hannunsa na jiyo numfashi a ciki.
Tsohon bai zage shi ba. Ya dai ɗaga kafaɗa.

Ran Laraba na je gonar da ke bayan tsauni.
Keji bayan keji, waya a ƙarƙashin ƙafa,
wata 'yar baƙar dabba ta kafe ni da ido
tana kai da kawowa cikin taku uku.
Na duba takardata ciki da bai.
Babu gurbinta.
Ita ce jarin, amma ba a tambaye ta ba.

Daren ƙarshe Lazaros ya sauko da tsohon littafin biya,
bangonsa ya sha maiƙon hannu.
Ina bin shafi da yatsa, ina haɗa jimilla,
sai na yi tuntuɓe da Thomai, matar Naum.
Kakata.
Wadda na sani da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba,
wadda ba ta taɓa gaya min abin da ya cinye idonta ba.
Sati-sati, shekara ashirin da shida.
A gefen wani shafi an rubuta da fensir:
ta ci bashi, kuɗin makarantar yarinya.
Yarinyar ita ta haife ni.

Rahoton yana gabana yanzu, shafi casa'in.
Shugabana ya ce ya yi tsaf, sai dai in cire ƙarin bayani na bakwai,
wai ba tattalin arziki ba ne.
Ina da ƙyalle ɗaya a aljihu, bai kai ɗan yatsa ba.
In na shafa shi gaba, ya kwanta.
In na shafa shi baya, ya tashi.
Har yau ban cire ba.