Ruwan Ƙarfe Uku

A Garin Malam famfo ba ya magana da rana.
Ka murɗa shi, ya yi tari, ya tofa maka iska,
ya yi gum kamar wanda ake bi bashi.
Sai dare ya raba, Damagaram ta sauke kayanta,
sannan bututu ya soma gurnani daga nesa.
Ni kuwa ina bisa turmi a kife,
jarka takwas kewaye da ni
kamar masu jiran rabon gado.

A haka Lauratu ta iske ni,
autarmu mai karatun likita, ta zo hutu.
Ta kama yatsuna biyu ta ɗora a gefen goshina.
Ta ce, Yaya, saurara.
Dif. Dif. Dif.
Na ce, zuciya ce ta hauro sama shan iska.
Ta ce, daga ciki ma haka ne,
ƙwaƙwalwa na kumbura tana saɓewa cikin ƙoƙonta,
da bugun zuciya, da shigar numfashi,
da wani lilo na jijiyoyi mai jan lokaci.
Kuma ba a tsandauri take zaune ba,
ruwa ne garau ya tallabe ta
kamar curin fura a tsakiyar ƙwarya.

Na yi dariya har jarka ta faɗi.
Ruwa a kaina? Ni?
Ni da Sallau mai garuwa ya san
bashina dala ɗari da sittin?

Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, da rana ruwan kaɗawa kurum yake,
irin na jarka a bisa kura,
motsi da yawa, tafiya kaɗan.
Kai kuwa murhu ne, yini yake ci,
kuma ba wutar da ba ta barin toka.
Sai barci ya yi nauyi,
jini ya ɗan ja da baya
kamar ƴan kasuwar Dole bayan magariba,
rumfuna su yi fili,
sannan ruwan ya shigo, ya koma, ya sake shigowa,
sannu, sannu,
ya bi jikin jijiyoyi lungu-lungu,
ya ɗauraye yinin, ya fice da shi.

Na yi shiru.
Wani kare ya yi haushi can wajen duwatsun Birni.

Ashe kaina ma unguwarmu ce.
Ruwansa ba ya zuwa sai gari ya kwanta.
Shekara bakwai ina gadin famfon waje,
na ciki na ƙwanƙwasa ƙofa
ina zaune a bakinta da tocila.
Na tuna miyar da na sa wa gishiri sau biyu.
Na tuna ranar da na tsaya tsakiyar kasuwa
da kuɗi a hannu,
na rasa abin da ya kawo ni.
Na tuna na kira ɗana da sunan mahaifina,
yaron ya amsa don kada in ji kunya.

Lauratu ta zare tocilar daga hannuna.
Ta ce, tashi, turmin nan nawa ne yau.

Na kwanta ban cire ɗankwali ba.
Kunnena a matashi, ina jin dif ɗin nan,
na ce masa, to, ga ni, shigo.
Can famfo ya gyara murya,
ruwa ya faɗi a gindin jarkar farko,
ƙarar na hawa, tana sirancewa, tana hawa.
Ban ji cikarta ba.

Da safe jarka takwas a jere, jikinsu da raɓa.
Kaina wasai, kamar tsakar gida bayan shara.
Lauratu na barci a zaune, bakinta a buɗe,
ban tashe ta ba, nata wankin ake yi.

Hutunta zai ƙare ran Asabar.